Kayen ba-zata a filin jar ƙasa ba alamar lalacewar tanis ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ku ba ni fili in yi tsokaci a kan yadda shafinku na wasanni yake kawo labarin tanis na maza a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da 'yan wasa suke komawa filayen jar ƙasa na Turai. Na lura cewa da zarar wani gwani ya sha kaye a hannun wanda ba a san sunansa ba, sai sharhi ya karkata ga cewa 'yan wasan yanzu ba su da tabbas, yau su ɗaga kofi, mako mai zuwa a sallame su tun zagayen farko, kuma wai wannan shi ne shaidar cewa wasan ya ja baya tun da Rafael Nadal ya yi ritaya a ƙarshen 2024. A ganina an ɗauko ma'aunin da bai dace ba ne, domin abin da ake kira rashin tabbas a yau shi ne halin da filin jar ƙasa ya saba da shi tun fil azal, Nadal ne ya zo ya rufe shi na kusan shekara ashirin.

A dubi abin da mutumin nan ya yi. Ya ci gasar Roland Garros ta birnin Paris sau 14, ya yi nasara a wasanni 112 a can, sau huɗu kacal aka doke shi. Tsakanin 2005 da 2007 ya jera wasanni 81 a jar ƙasa ba tare da ya faɗi ba, sai da Roger Federer ya tsayar da shi a wasan ƙarshe na Hamburg. Ya ɗauki kofin Monte Carlo sau 11, na Barcelona sau 12, na Roma sau 10. Daga 2005 zuwa 2023 an buga Roland Garros sau 19, kuma mutum huɗu ne kawai suka raba kofunan: Nadal, da Novak Djokovic mai uku, da Federer da Stan Wawrinka masu ɗai-ɗai. Duk wanda ya buɗe ido da tanis a waɗannan shekaru, dole ya ɗauka cewa haka abin yake, wato a san zakara tun kafin a share fili.

Amma shekarun da suka gabaci zuwansa suna ba da wani labari dabam. Daga 1989 zuwa 2004, wato shekara 16, mutum 12 ne suka ci kofin Paris. Michael Chang yana ɗan shekara 17 ya ci a 1989, bayan ya fitar da Ivan Lendl wanda yake na ɗaya a duniya. Gustavo Kuerten na Barazil yana mataki na 66 a jadawalin duniya lokacin da ya ɗauki kofin 1997. A 2003 Martin Verkerk, wanda ko cikin manyan da ake warewa ba ya ciki, ya kai wasan ƙarshe. Na 2004 kuwa ya fi su ban al'ajabi. Guillermo Coria, wanda kowa ya sallama wa a jar ƙasa a wannan shekarar, ya haɗu da ɗan ƙasarsu ta Ajantina, Gastón Gaudio, ya cinye turmin farko da 6-0, na biyu da 6-3, har 'yan kallo suka fara tausaya wa Gaudio. Daga nan jijiyoyin ƙafar Coria suka ɗaure, wasa ya juya, aka shiga turmi na biyar, Coria ya sami damar maki guda ya rage masa ya zama zakara har sau biyu, duka biyun suka kuɓuce masa, Gaudio ya ci da 8-6. A wancan zamanin ne kuma Pete Sampras ya tara manyan kofuna 14 ba tare da ko ɗaya daga Paris ba, iyakarsa wasan kusa da na ƙarshe a 1996, Boris Becker kuma ya gama rayuwarsa ta wasa bai ci kofi ko guda na wasan mutum ɗai-ɗai a jar ƙasa ba. Babu mai hankalin da zai ce Sampras da Becker ragwaye ne.

Dalilin yana cikin filin kansa. Saman filin garin jan bulo ne da aka niƙa aka barbaza, ƙwallo idan ta sauka a kansa sai ta rage gudu ta yi tsalle sama. Wannan yana rage wa mai zafin sabis (wato bugun farko da ake buɗe neman kowane maki da shi) makaminsa, domin bugun da a filin ciyawa ko na siminti zai wuce ba a taɓa shi ba, a nan ana dawo masa da shi, sai a shiga musayar bugu goma ko ashirin kafin a sami maki ɗaya. Ga kuma batun ƙafa. A jar ƙasa ba a taka birki, zamewa ake yi zuwa ga ƙwallo, a buga ta ana cikin zamewar, a kuma tsaya daidai inda za a iya juyowa. Wanda ya tashi a kan irin wannan fili yana yin haka ba tare da tunani ba, wanda kuma ya koya da girma sau da yawa sai ya buga sannan ya zame, ya bar rabin fili a buɗe. Akwai 'yan wasa masu yawa daga Sifaniya da Italiya da Ajantina da Cile da Barazil da wasu ƙasashen tsakiyar Turai waɗanda a nan aka yaye su, amma saboda mafi yawan gasannin shekara a filin siminti ake yi, matsayinsu a jadawali ba ya nuna haɗarin da ke tattare da su idan bazara ta zo. Jadawalin duniya lissafin makonni 52 ne a kan kowane irin fili, don haka idan kuka rubuta cewa na biyu ya faɗi a hannun na ɗari da wani abu, kun faɗi gaskiya, amma gaskiyar ba ta cika ba.

Misali shi ne abin da ya sami Carlos Alcaraz a Roma a 2023. Ya iso da kofin Barcelona da na Madrid a hannu, sai ga Fábián Marozsán na Hangari, wanda yake mataki na 135 kuma ta wasannin share fage ya shigo, ya fitar da shi a turmi biyu, yana ta ajiye masa gajerun ƙwallaye a bayan raga, dabarar da aka fi sanin Alcaraz ɗin da ita. A wannan gasar ta Roma Daniil Medvedev ne ya zama zakara, mutumin da bai taɓa ɓoye ƙiyayyarsa ga jar ƙasa ba, wanda a zuwansa huɗu na farko Paris ko wasa ɗaya bai ci ba. Bayan kwana tara ya shiga Roland Garros a matsayin na biyu, Thiago Seyboth Wild na Barazil, na 172 a duniya, ya kore shi a zagayen farko bayan turmi biyar, a ranar da iska take ta kwasar ƙura tana watsa wa 'yan wasa a fuska.

Wannan ya kawo ni ga abin da ban cika ganin ana ambata ba, wato cewa sunan filin ne ɗaya, halinsa kuwa kowane gari da nasa. Monte Carlo a bakin teku take, ana buga ta a farkon Afrilu, sau da yawa cikin sanyi da laima, ƙwallo ta yi nauyi. Madrid tana kan tudu da ya kai kimanin mita 650 daga doron teku, iska ba ta da kauri, ƙwallo tana gudu tana kuma wuce inda aka nufa, shi ya sa masu ƙarfin sabis suke samun sa'ida a can, har Jan-Lennard Struff, wanda aka riga aka doke a share fage aka dawo da shi don cike gurbi, ya kai wasan ƙarshe a 2023. Roma ta fi kama da Paris. A Paris ɗin ma, wasan rana tsaka cikin zafi da wasan dare da aka fara a 2021 ba su da haɗi, ga rufin babban filin Philippe-Chatrier da aka fara amfani da shi a 2020. Ɗan wasa yana da kwanaki kaɗan ne ya gyara tsaurin igiyar raket ɗinsa da tsayin bugunsa kafin ya shiga sabon yanayi. Casper Ruud ya ci Madrid a 2025, bai cika mako biyu ba Jannik Sinner ya lallasa shi a Roma da 6-0 da 6-1. Ruud bai manta wasa a cikin kwanakin nan ba, yanayi ne ya sauya, abokin karawa kuma ya kasance na ɗaya a duniya a ranar da komai ya yi masa daidai.

Sai kuma bambancin da ya fi kowane girma, wanda rashin kula da shi yake sa a yi saurin yanke hukunci. A Monte Carlo da Madrid da Roma, wanda ya riga cin turmi biyu ya yi nasara. A Roland Garros sai an ci uku. Ɗan wasan da hannunsa ya yi zafi yana iya riƙe wannan zafin na awa ɗaya da rabi, amma riƙe shi awa huɗu a gaban gwani wani abu ne dabam. Manyan kuma sun san haka, suna ɗaukar gasannin Afrilu a matsayin shiri, suna ajiye ƙarfinsu don ƙarshen Mayu. A 2016 Jiří Veselý ya fitar da Djokovic a wasansa na farko a Monte Carlo, bayan wata biyu Djokovic ya ci kofin Paris. A 2023 ya faɗi a hannun Lorenzo Musetti da Dušan Lajović da Holger Rune, bai ci kofi ko ɗaya a jar ƙasa ba, ya je Paris ya ɗauka. Nadal da kansa a 2019 Fabio Fognini ya doke shi da 6-4 da 6-2 a Monte Carlo, ya sake faɗuwa a Barcelona da Madrid, aka fara yi masa ta'aziyya, ya ƙare da kofin Roma da na Paris. Alcaraz a 2024 ciwon hannu ya hana shi buga Monte Carlo da Barcelona da Roma, a Madrid kuma Andrey Rublev ya fitar da shi, duk da haka shi ne ya zama zakara a Paris. A shekarar ce Alejandro Tabilo na Cile ya yi wa Djokovic 6-2 da 6-3 a Roma, kwana biyu bayan wata gorar ruwa ta faɗo masa a ka lokacin da yake sa wa 'yan kallo hannu, kuma a watan Agusta Djokovic ɗin ya ci zinariyar Olamfik a kan jar ƙasar Roland Garros.

Ko ba-zatan da ake yi a Paris ma, da yawa idan aka waiwaya sai a ga ba tsautsayi ba ne. Robin Söderling na Siwidin, wanda ya fara doke Nadal a can a 2009, makonni kaɗan kafin nan Nadal ya yi masa 6-1 da 6-0 a Roma. An ce sa'a ce, amma a 2010 ya sake kaiwa wasan ƙarshe, bayan ya kawar da Federer mai riƙe da kofi. Akwai kuma irin Marco Cecchinato, wanda ya doke Djokovic a 2018 yana mataki na 72, bai sake yin kamar haka ba. Aikin mai sharhi ne ya taimaka wa mai karatu ya bambanta waɗannan biyu.

Ba na musun cewa akwai 'yan wasan da hawa da saukarsu ta wuce abin da fili ko yanayi zai bayyana. Stefanos Tsitsipas ya ci Monte Carlo sau uku, a 2021 ya kai ga cin turmi biyun farko a wasan ƙarshe na Paris kafin Djokovic ya juya masa wasa, amma a 2025 Matteo Gigante, wanda ya fito daga share fage, ya sallame shi a zagaye na biyu. Rublev ya shiga Madrid a 2024 da kaye huɗu a jere, ya ci kofin, ya je Paris ya faɗi a zagaye na uku yana ta faɗa da raket ɗinsa. Waɗannan sun cancanci a yi musu tambayoyi masu zafi a kan natsuwa da dabara. Sai dai ko a nan ya kamata a tuna cewa tun daga 2023 an tsawaita Madrid da Roma zuwa kusan mako biyu kowace, da 'yan wasa 96, hutun da ke tsakanin gasa da gasa ya ragu, kuma jiki yana da iyaka. Dominic Thiem, wanda ya kai wasan ƙarshe a Paris a 2018 da 2019 ake kuma ganin shi ne magajin Nadal, ciwon wuyan hannu ne ya karya shi har ya bar wasa a 2024. Mai cewa inganci ya faɗi kuwa, ban san yadda zai yi da wasan ƙarshe na 2025 ba, inda Alcaraz da Sinner suka kwashe awa 5 da minti 29, Alcaraz ya tsira sau uku daga makin da zai ba Sinner kofi, sannan ya ci.

Roƙona gare ku, ranka ya daɗe, shi ne idan za a kawo labarin irin wannan kaye nan gaba, a ƙara mana layi biyu ko uku: a wane gari aka buga, turmi nawa ake bukata, wanda ya yi nasarar a kan wane irin fili ya tashi, kuma wanda aka doke ɗin daga jinya ya dawo ko daga wasan ƙarshe na makon da ya wuce. Zai kuma yi kyau wakilinku ya riƙa sanya tarihin 'yan wasan biyu a jar ƙasa kusa da matsayinsu na jadawali, tunda hukumar ATP mai kula da gasannin tanis na maza tana wallafa waɗannan alƙaluma a fili ga duk mai bukata.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naku,
Mai bibiyar shafinku na wasanni