A Ceci Tsofaffin Faifan Binciken Mai Kafin Su Lalace

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan sam mini fili in tofa albarkacin bakina kan neman mai. Tun da aka ƙaddamar da aikin haƙo mai na Kolmani, a iyakar jihohin Bauchi da Gombe, a 2022, majalisarmu ta bakin kasuwa ba ta rabo da zancen, kowa cewa yake a sayo sababbin na'urori. Ni kuwa da na ci ƙuruciyata a jirgin safiyo a tekun Neja Delta kafin in dawo gida noman riɗi, aikin da aka riga aka biya kuɗinsa, wato tsofaffin faifan binciken mai, shi ne ke damuna.

Jirgi kan tafi a hankali yana jan wayoyi masu tsawon kilomitoci, cike da na'urorin sauraro. Bindigar iska ta saki ƙara cikin ruwa, ƙarar ta ratsa ƙasan teku, ta daki shimfiɗun dutse ta dawo, a naɗe ta a faifai. Da lokacin da ta ɗauka kafin ta dawo ake zana hoton abin da ke ƙasa. Da irin wannan aiki aka gano ma'adanar mai ta Bonga da ke cikin teku, mai nisan kusan kilomita 120 daga gaɓa, wadda ta fara ba da mai a 2005.

To amma kowane kamfani iya yankin lasisinsa ya auna, da kayan zamaninsa, dutse kuwa ba ruwansa da iyakar lasisi. Mai son ganin tsarin ƙasan gaba ɗaya dole ya haɗa tsoho da sabo, kuma a nan aikin yake. A da, da tashoshin rediyo na bakin gaɓa ake sanin inda jirgi yake, bisa ma'aunin taswira na Minna. Yau da tauraron ɗan'adam ne, bisa wani ma'aunin, har wuri ɗaya kan goce da gomman mitoci. Sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwan teku, amma ɗumi da gishiri na sauya shi, ga cika da janyewar teku. Ƙarfin bindigogin ma ya bambanta. Kamar a auna gero da tiyar Maigatari, a auna wani da ta Dawanau, a juye buhu ɗaya a ce lissafi ya fita. In ba a daidaita ba, mahaɗar kan fito a hoto tamkar tsagewar dutse, alhali a Neja Delta a jikin irin wannan tsaga mai ke taruwa. Sai a narka miliyoyin daloli a haƙa rijiya a banza. Shi ya sa masu aikin ke gwada kowane hoto da bayanan tsofaffin rijiyoyi kafin su yarda da shi.

Duk wannan sai in faifan na nan. Da idona na ga wani sito, na'urar sanyaya ɗaki ta mutu, faifai sun manne da juna, gara ta cinye takardun da muke rubuta lambar kowane harbi da inda aka yi shi. Faifan da ya manne akan gasa shi a ɗan zafi kaɗan a kwafe abin da ke ciki. Takardar da gara ta ci kuwa sai haƙuri, kuma in babu ita, ba mai sanin inda aka naɗi sautin.

Hukumar NUPRC, mai sa ido kan harkar nema da haƙo mai, ita ce ke riƙe da rumbun bayanan mai na ƙasa a Legas. Roƙona gare ta shi ne ta bi sito-sito ta kwafe faifan tare da takardunsu, har da na tudu, wato na yankin Tafkin Chadi inda aka haƙa rijiyoyi 23 a baya. Ba mu manta da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri da aka yi wa kwanton ɓauna a yankin Magumeri a 2017 suna bakin wannan nema ba; aikin haɗa tsohon bayani kuwa a gaban kwamfuta ake yin sa. A buɗe wa sassan nazarin ƙasa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello wani kaso na bayanan, ɗalibai su koyi daidaita su da hannunsu.

Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin jirgin safiyo,
Ƙaramar Hukumar Gagarawa, Jihar Jigawa