Zuwa Ga Aminina Mai Neman Gidan Saye

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali baki ɗaya, saƙonka ya iso gare ni, kuma na fahimci irin ɓacin ran da kake ciki tun da aka sallama wa wani gidan da ka ƙwallafa rai a kansa, alhali har ka riga ka kai maiɗakinka ta zaga ɗakunan ta nuna inda za ta ajiye kayanta. Na san wannan zafin, domin sau huɗu ina yin tayi ana shan gabana kafin in sami wanda nake ciki yanzu. Shi ya sa na ga ya fi kyau in zauna in rubuto maka a tsanake, maimakon mu yi maganar a waya cikin hanzari.

Ka tambaye ni dalilin da ya sa gidajen sayarwa suka yi ƙaranci haka. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, manyan bankunan ƙasashe da dama sun sauke kuɗin ruwa ƙasa ƙwarai, jama'a suka ci rance mai sauƙi suka sayi gidaje. Da hauhawar farashi ta taso, daga 2022 bankunan suka shiga ɗaga kuɗin ruwan da sauri. To, mutumin da ya ƙulla rancensa a kan kashi 3 cikin 100 ya san cewa idan ya sayar ya nemi wani gidan, sabon rance zai ci a kan farashin yau. Lissafin kuwa ba ɓoyayye ba ne: rancen shekara 30 a kan kashi 7 cikin 100, abin da za a riƙa biya duk wata ya ɗara na kashi 3 da fiye da rabi, ko da kuɗin da aka ranta iri ɗaya ne. Saboda haka mai gida yakan gwammace ya yi zamansa ko ɗakunan sun yi masa kaɗan, gidan da ya kamata ya fito kasuwa ya ƙi fitowa. Ga kuma tsadar kayan gini da ta fili, wadda ta sa magina ba sa iya cike giɓin. Ko kana cikin masu guje wa rance mai ruwa, abin ya shafe ka, tun da kasuwa ɗaya kuke ci da waɗancan.

Abin da ya fi damuna a saƙonka shi ne inda ka ce nan gaba duk abin da aka nema za ka bayar, don dai ka huta. Aminina, kada ka yi haka. Ranar da mutum ya tsaya a tsakar gidan da ya burge shi, ga wasu masu saye biyar suna leƙa ɗakuna, ga dillali yana raɗa masa cewa kafin magariba za a rufe karɓar tayi, hankalinsa ba ya tare da shi. Na taɓa ƙara kuɗi sau uku cikin yini guda a kan wani gida, kuma da na koma na zauna da alƙalami da daddare sai na tarar da an sallama mini, da kusan rabin albashina zai riƙa tafiya a kansa har tsawon shekaru. Na gode wa Allah da wani ya fi ni zafin nema. Tun daga ranar na rubuta iyakar abin da zan iya biya a takarda, na miƙa wa maiɗakina, muka yi alkawari cewa ba mai ƙetare shi sai da yardar ɗayan, kuma sai an kwana an tashi. Lokacin da za ka yanke taka iyakar, ka haɗa da la'adar dillali, da kuɗin lauya, da harajin sauya suna a takardun mallaka, da abin da gyara da ƙaura za su ci, domin waɗannan su ne sukan kwashe ɗan abin da mutum ya ajiye don ko-ta-kwana.

Akwai wani tarko da ban san da shi ba sai da na kusa faɗawa. Idan da rance za ka saya, banki zai turo nasa masanin ya ƙiyasta darajar gidan, kuma a kan wannan ƙiyasin zai ba ka kuɗi, ba ruwansa da abin da ka taya cikin rububi. Idan tayinka ya zarce ƙiyasin, ratar da ke tsakani daga aljihunka za ta fito, in kuwa ba ka da ita, cinikin na iya rushewa har kuɗin kafin alƙalamin da ka bayar ya salwanta, gwargwadon abin da yarjejeniyar ta ƙunsa. Don haka ka bar lauya ya karanta kowace takarda kafin ka sa hannu.

Za ka ji ana cewa mai son cin nasara sai ya yafe binciken gida, wato ya amince ya saya ba tare da injiniya ya duba ba, saboda mai sayarwa ya fi son tayin da ba shi da sharaɗi. Gaskiya ne masu yin haka sukan riga wasu, amma ni ban ga hikimar ba. Sabon fenti yana rufe tsagar bango, yoyon rufi ba ya nuna kansa sai an yi ruwa, matsalar harsashin gini ko ta wayoyin lantarki kuwa idon wanda ba gwani ba ba ya kama ta. Idan lokaci ya ƙure, ka tafi da injiniyanka tun ranar da za ka fara ganin gidan, ka biya shi ladansa ko da cinikin bai faɗa ba. Haka ma tantance takardun mallaka a ofishin rajistar filaye, a tabbatar mai sayarwa shi ne mai shi, babu bashi a kan gidan, babu rigimar gado. Wanda ya ce ka tsallake wannan saboda sauri, ka ce masa da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ba ina nufin ka yi nawa ba. Masu kuɗi hannu suna cin kasuwa ne saboda mai sayarwa ya tabbata cinikinsu ba zai wargaje ba, kai ma kana iya ba shi kusan irin wannan natsuwa idan ka karɓi takardar amincewar banki tun kafin ka fara yawo, ka kuma ajiye kafin alƙalaminka a shirye. Ka riƙa tambayar abin da mai gidan yake buƙata ban da kuɗi. Wani so yake a bar shi wata biyu kafin ya tashi, wani kuma so yake a gama cikin mako uku, kuma wanda ya daidaita da shi kan lokaci yakan doke wanda ya ɗara shi tayi da kaɗan. Game da dillali, ka riƙe shi da mutunci don ya kira ka kafin a baza labarin gida, sai dai ka tuna cewa la'adarsa ba ta fitowa sai an yi ciniki.

Gidan da na saya daga ƙarshe ya shafe fiye da wata uku a kasuwa ba mai tayawa, saboda fentinsa ya koɗe, ciyawa ta cinye tsakar gida, hotunan da aka ɗauka kuma sun ƙara masa muni. Injiniya ya duba ya ce ginin lafiyayye ne, abin da ya lalace duk na sama-sama ne. Ni kaɗai na taya, aka sallama mini ƙasa da abin da aka nema. Unguwar ta ɗan fi nisa da wurin aikina, kuma har yau akwai ɗaki ɗaya da ban gama gyarawa ba, amma ina barci ba tare da fargabar ƙarshen wata ba. Ina ba ka shawara ka sa dillalinka ya tattaro maka irin waɗannan da suka daɗe, ka kuma faɗaɗa unguwannin da kake dubawa.

Idan wa'adin hayarka ya kusa cika, ka nemi a sabunta maka ko da na wata shida ne, don kada matsin tashi ya sa ka sayi abin da ba ka so. Ka turo mini lissafin abin da ke shigo maka da abin da ka tara, mu duba tare kafin ka sake yin wani tayin.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara.

Naka har kullum,
Amininka