Yahudawan Duniya Nawa Ne, Kuma Ina Suke Zaune?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin gyara wani lissafi da ke yawo a wayoyin jama'a. A nan karkarar Jigawa, da daddare a teburin mai shayi, sai ka ji saurayi ya haska waya yana karanto cewa Yahudawa sun kai miliyan 100, na kusa da shi ya ce ai dukkansu a Isra'ila suke. Ko ɗaya ba haka ba ne. Abin yana damuna, domin yaranmu na sakandare da wannan suke shiga aji.

Ƙiyasin Farfesa Sergio DellaPergola na Jami'ar Hibru da ke Ƙudus ya nuna cewa a 2023 Yahudawan duniya kimanin miliyan 15.7 ne, wato mutum biyu cikin kowane 1,000. Ƙidayar 2006 ta ba Kano miliyan 9.4, Jigawa sama da miliyan 4.3. In ka haɗa jihohin biyu, tun a wancan lokaci sun kusa kamo wannan adadi.

A wannan ƙiyasi na 2023, Isra'ila na da kusan miliyan 7.2, Amurka miliyan 6.3, su biyun sun kwashe sama da kashi 85 cikin 100. Daga nan sai tazara mai nisa: Faransa wajen 440,000, Kanada kusan 400,000, Birtaniya sama da 300,000, Ajantina wajen 170,000. A nahiyarmu Afirka ta Kudu ce kan gaba da kimanin 50,000. A kuma lura, ba kowane ɗan Isra'ila ne Bayahude ba. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar Larabawa ne, akasarinsu Musulmi.

Inda lissafin yake rikicewa shi ne wajen mudu. Duk wanda ya taɓa auna gero a kasuwar Gujungu ya san buhu ɗaya kan ba da awo daban-daban in aka sauya kwano. Haka abin yake a nan. A dokar addininsu ta asali, Bayahude shi ne wanda uwarsa Bayahudiya ce, ko wanda ya shiga addinin bisa ƙa'ida. A 1983 ɓangaren masu sassaucin ra'ayi na Amurka suka amince da ɗan da ubansa kaɗai ne Bayahude, in dai an rene shi a kan addinin. Ita kuwa dokar komawa ta Isra'ila, wadda ke ba Bayahude damar ƙaura can ya zama ɗan ƙasa, ta 1950 da aka faɗaɗa a 1970, ta haɗa har da jika da mata ko miji. In da wannan kwano aka auna, adadin zai haura miliyan 20. Ga shi kuma Amurka da Faransa ba sa tambayar addini a ƙidayarsu, sai dai bincike da ƙiyasi. Shi ya sa cibiyar bincike ta Pew ta samu miliyan 7.5 a Amurka a 2020, alhali DellaPergola yana ƙasa da haka.

Wannan rabon nasu tsakanin ƙasashe ma bai daɗe ba. A 1939 sun kai miliyan 16.6, mafi yawansu a Turai, Poland kaɗai tana da sama da miliyan 3. Gwamnatin Hitila ta hallaka kimanin miliyan 6, aka wayi gari a 1945 saura wajen miliyan 11. Har yau ba su koma adadinsu na 1939 ba. Bayan kafa Isra'ila a 1948 kuma Yahudawan ƙasashen Larabawa suka yi ta ficewa, wasu don tsoro da matsi, wasu don amsa kiran sabuwar ƙasar. Maroko da ke da kimanin 250,000 yanzu ba ta wuce 'yan dubbai ba. Bayan 1989 kusan mutum miliyan ɗaya suka ƙaura zuwa Isra'ila daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet, a 1991 kuma aka kwashi sama da 14,000 daga Habasha ta jirgin sama cikin sa'o'i 36.

Roƙona gare ku, Malam Edita, duk sa'ad da za ku buga irin wannan adadi, ku faɗi shekararsa, da wanda ya fitar da shi, da kuma kwanon da aka auna da shi.

Wassalam.

Mai karatunku,
Malamin darasin labarin ƙasa,
Ƙaramar Hukumar Taura, Jihar Jigawa.