Ki Karɓa da Hannu Biyu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara, kamar yadda muke nan lafiya. Malam yana gaishe ku. Damina ta yi albarka bana, an fara yankan gero, dawa ce da sauranta. Alhamdu lillahi.

'Yar nan, kin san ni da ke ba mu saba doguwar magana ba. Ke ce ta fari, kuma a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Haka na taso na tarar. Ko a waya, da na ji muryarki sai baki ya yi nauyi, mu gaisa, in tambayi yara, mu yi sallama. Shi ya sa na ɗauko biro, don maganar tana cina tun Babbar Sallah.

Ranar da za ku koma, angona ya wuni a bakin kududdufi da yaran gida, ya dawo da saniyar laka da ya gina, har da tozo da ƙaho. Ya ratsa mutane, ni ma ya wuce ni, ya zo ya miƙa miki. Ke kuwa rigarsa kika duba. Kika yi masa faɗa, kika ce ya yar kada ya ɓata kujerar mota. Ya je ya ajiye ta a gindin rumbu, bai yi kuka ba, amma har kuka tashi bai ƙara magana ba. Ban tanka ba saboda mijinki yana tsaye. Bayan tafiyarku na ɗauke ta, na bar ta ta sha iska a inuwa, don in aka shanya laka a rana tsagewa take, sannan na turbuɗa ta cikin garwashi ta gasu. Tana nan.

Na san gajiyar raino, na san wankin kayan yara a gidan da ake sayen ruwa da jarka. Amma ki duba wani abu. Yaro ba shi da gona, ba shi da akuya, ba shi da ko sisi. Duk abin da ya mallaka a duniya shi ne abin da hannunsa ya yi. In ya kawo miki, dukiyarsa gaba ɗaya ya kawo. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, kuma tukuicin yaro ba shi da tsada: ki ajiye abin da ke hannunki, ki karɓa da hannu biyu, ki juya abin ki duba, ki tambaye shi yadda aka yi ƙahon ya tsaya. Ki ɗora a inda mahaifinsa zai gani in ya dawo. Yaron da aka ture hannunsa sau da yawa yakan daina miƙowa, kuma ba saniyar laka kaɗai zai daina kawowa ba. Ran da ya girma, wata damuwa ta same shi, ita ma wani wurin zai kai.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ba ki sani ba. A cikin kayan jeren da aka kawo ni da su gidan nan a 1991, shekarar da aka cire Jigawa daga Kano, akwai wata babbar kwalla mai murfi da ban taɓa zuba abinci a ciki ba. Kin sha ganinta a bayan gado, kina zaton zannuwa ne. Kayanku ne a ciki.

Faifanki na farko yana nan. Kina 'yar shekara bakwai kika yi shi, kika ja kabar da ƙarfi har ya ƙi kwanciya, ya tashi kamar malafa. Matan gida suka yi ta dariya, kika jefar da shi a bayan ɗaki kina hawaye. Ban rarrashe ki ba, don idon surukata yana kaina, amma da dare ya yi na fita da fitila na ɗauko shi. 'Yar tsanarki ma tana nan, ta ƙashin ƙafar rago, wadda kika yi wa kitso da baƙin zare, kika ɗaura mata ƙyallen da ya ragu daga ɗinkin sallata. Akwai takardar da mai bi miki ya fara rubuta sunana a kai da boko, haruffan suna hawa kan juna. Akwai turmin atamfar da ya sayo min da albashinsa na farko. Ban kai wa tela ba, kuma ba na jin zan kai.

Sai wata 'yar munduwar kaba. Ta ƙaninki ce, wanda ƙyanda ta ɗauke yana shekara huɗu. Kina iya tuna shi. Yana zaune kusa da ni ina saƙa, ya tsinci ragowar kaba ya murɗa, ya ƙulla, ya zura min a hannu, ya ce in sa in je biki. Ba mu da hotonsa ko ɗaya, lokacin mai hoto sai a Ringim, kuma ba wanda ya yi tunanin kai yaro ƙarami. Kayan sawarsa an bayar sadaka, haka ya kamata. Kamanninsa sun fara ɓace min, 'yar nan, ina rufe ido in neme su in rasa. Amma ƙullin nan da yatsunsa suka yi yana nan yadda ya bar shi. Wanda ya ba mu shi ya fi mu sonsa, na yarda da wannan, ban taɓa jayayya da hukuncin Allah ba. In na ɗauko ta addu'a nake yi masa, in mayar. Allah ya raya miki naki, ya sa su za su binne mu. Ina dai so ki san abin da kike gani tarkace yau, ba ki san matsayin da zai taka gobe ba.

Ba komai ne ya tsira ba. Ambaliyar 2022, wadda ta cinye gidaje da gonaki a ƙasar Ringim da Hadeja, ta kayar mana da bangon ɗakin baya. Duk abin da ke cikin adudu ya jiƙe ya ruɓe, har da motar karan da autana ya yi. Na cikin kwalla ne ya kuɓuta, don tana da murfi kuma mun ɗora ta a sama. Saboda haka ki nemi mazubi mai murfi, na ƙarfe ko na roba mai kauri. Ki zuba busasshen ganyen darbejiya a ƙasa saboda ƙwari, kada ki ajiye a dandaryar ƙasa inda gara za ta kai, ki riƙa fitowa da kayan suna shan iska in hunturu ya shigo. Kuma ba duka ake tarawa ba, gidan haya ba ya ɗaukar wannan. Na farko a kowane abu, da wanda yaron ya sha wahala a kansa, da wanda ya yi musamman dominki, sun isa. Ke da kika yi karatu, ki rubuta sunan yaron da shekara a jiki. Hoto a waya yana da kyau, ki ɗauka, amma waya nawa kika canza tun aurenki, ina hotunan da ke cikinsu?

Na ji ƙanwarki tana cewa a waya ana nuna mata masu ajiye gashin jariri da haƙorin da ya faɗi da guntun cibiya a kwalba. Wannan kam kada ki yi. Abin da ya fita daga jikin ɗan Adam binne shi ake yi. A Islamiyya an karanta mana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik cewa Nana Faɗima ta auna gashin 'ya'yanta, ta yi sadaka da azurfa daidai nauyinsa. Abin da ake yi da gashin askin suna ke nan. Haka duk takardar da yaro ya rubuta aya a kai, ko ki adana ta a wuri mai tsarki ko ki ƙone ta, kada ta shiga shara. Allonsa na farko kuwa, ko ya tsage, ki rataye shi.

Kada ki ɗauka ina kushe kunyar ɗan fari. Kara ce, kuma ta yi mana amfani: ita ta sa kika tashi a ɗakin kakarki, kika samu uwa biyu. Sai dai al'ada ce, ba addini ba. Wani mutum, Aƙra'u ɗan Habis, ya ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sumbaci jikansa Hasan, sai ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Aka amsa masa da cewa wanda ba ya jin ƙai, ba a jin ƙansa. Nana A'isha kuma tana da 'yan tsana, a cikinsu har da doki mai fukafukai na ƙyalle. Da Annabi ya gani bai ce ta yar ba. Tambayarta ya yi mene ne wannan, ta ce ai Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fukafukai, ya yi dariya har haƙoransa suka bayyana. Malamarmu ta ce Abu Dawuda ne ya ruwaito. Ki lura, tsayawa ya yi ya duba kayan wasan, ya yi tambaya a kai. Ke ba surukar da ke zaune a kanki, ba matan gida masu yi miki dariya. Me zai hana ki?

Saura maganar zama a yi aikin hannu tare, wadda ita ce ta fi damuna da yaran birni. Kin tuna bayan la'asar a tsakar gidan nan? Kakarki tana kaɗi, mazari yana juyawa, alli a yatsunta. Wata tana gurzar auduga, wata tana ɗinkin hula, mu muna kan faifai da mafici, ku yara kuna tsaga mana kaba. Kuɗin da muka samu a kasuwar Gujungu ran Lahadi da waɗannan faya-fayan shi ya sayi rabin kwanukan ɗakinki, sana'a ba ta ƙarya. Amma ribar da na fi ƙirgawa daban ce. Yaro in ka zaunar da shi ka tsare shi da ido ka ce ya faɗi abin da ke ransa, ba zai faɗa ba. In hannunsa yana aiki, idonsa yana kan kaba, bakinsa da kansa yake buɗewa. A bakin faifai na ji wadda ke cin zalinki a makarantar allo. A bakin faifai na gane wanda kike so, tun kafin ki san na gane. Ni da ba na iya kiran sunanki, a nan na san ki.

To, ki samar wa 'ya'yanki irin wannan zama, ko sau ɗaya a mako, ranar da ba makaranta. A kashe talabijin, a shimfiɗa tabarma, ke ma wayarki ta huta a ɗaki. Kishiyata, 'yar taki, ta isa fara faifai. Ki jiƙa kabar tukuna don ta yi laushi, ki fara mata cibiyar da kanki tunda nan ne mai wuya, sannan ki bar mata. Basilla tana hannunki har sai kin ga hankalinta ya zauna. In ya karkace, ki bar shi a karkace. Kada ki bari ta yi barci ki warware ki gyara, za ta gane, kuma daga ranar ta san aikinta bai isa ba. In kaba ta yanke miki, ga ulu da kwarashi a kasuwar Ƙofar Wambai, ki koya mata hular jariri. Angona kuma a bar shi da laka da kara. Motar kara ba wasan banza ba ce: sai ya auna, ya feƙe ɓawon, ya soka a totuwa, ya yanko taya daga tsohon silifa ko sakaina, in ta ƙi tafiya ya zauna ya gano dalili. Ki roƙi mahaifinsu ya zauna da shi ko na ɗan lokaci, shi ma ɗan ƙauye ne, hannunsa bai manta ba. Reza dai a hannun babba.

In an ce su kawo aikin hannu a makaranta, kada ki saya a kasuwa ki ba su su kai, balle ki ba da kuɗi a madadinsa. Koya musu ƙarya ne tun da wuri. Kada kuma in hannun yarinya ya faɗa ki mayar da abin talla, karatunta ne gaba. Sannan yarinyar nan 'yar wan mijinki da kike riƙo, a zauna da ita, kuma in ta kawo nata ki karɓa yadda kika karɓi na 'ya'yan cikinki, ya shiga mazubi ɗaya da nasu. Ita ta fi kowa lura da yadda hannunki yake karɓa.

Autana zai shigo Kano ran Litinin. Na ba shi damin kaba, rabi fara rabi na rina ja da kore, da basilla biyu, da daddawa da kuka da ɗan gero na kunu. Saniyar angona tana cikin ƙullin, na naɗe ta da tsumma. Ki ba shi da hannunki, kada ki ce ni na ajiye, ki ce masa ta yi kyau, don ta yi kyau ɗin. In an yi hutun ƙarshen shekara ki turo min su su kwana biyu, lokacin an gama girbin dawa, kara ya bushe, ga yara cike da gida.

Ki gaishe da maigidan naki da kyau, ki gaishe da maƙwabciyarki da ta yi ɗawainiya da ni wancan zuwan. Allah ya yi muku albarka, ya shirya zuri'a.

Wassalam.
Mahaifiyarki.