Yashi a tankin murjani: ko kaɗan, ko babu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku domin jan hankalin masu kiwon murjani mai rai (wata halittar teku) da kifin teku a tankin gilashi kan abin da ake yi wa riƙon sakainar kashi: a zuba yashi a ƙasan tankin, ko a bar gilashin haka nan?

Yashin rafi ko na gini ba ya shiga wannan tanki. Wanda ya dace shi ne aragonait, wato farin yashi mai sinadari irin na ƙashin murjani, mai ƙwaya milimita 1 zuwa 2. Wanda ya fi haka laushi famfon da ke juya ruwan tankin zai riƙa watsa shi a kan murjani. A wanke shi har ruwan ya daina fari, a kafa duwatsu a kan gilashi tukuna kafin a zuba, don kada kifi mai tono ya rushe su. Tanki mai tsawon santimita 120 da faɗin 45 yana cin kamar kilo 20 idan ana son kaurin santimita biyu da rabi.

Kaurin nan shi ne maganar. Idan bai wuce santimita 3 ba, oksijin na ratsa shi, kuma ana iya zuƙe dattinsa da tiyo duk lokacin canjin ruwa. Idan ya kai 10 zuwa 15, bakteriyar da ke can ƙasa tana mayar da naitiret, sinadarin da ke taruwa a ruwa daga dattin kifi, iskar naitirojin da ke ficewa daga ruwan, da sharaɗin ba za a taɓa motsa shi ba. Haɗarin yana tsakani, wajen 5 zuwa 8: ya yi kaurin da tiyo ba ya kai ƙasansa, bai kuma isa ya yi aikin tacewa sosai ba. Kashin kifi da ragowar abinci su nutse su ruɓe, sinadarin fosfet da ke ciyar da gansakuka ya taru, gansakuka ta rufe duwatsu. Duba ta gefen gilashi: in ka ga baƙin tabo a cikin yashin, kada ka tona shi da kifi a ciki. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da zai taso iskar haidirojin salfaid ce, guba ce kuwa.

Tankin da babu yashi yana ba da damar ƙara ƙarfin famfo, har ruwa ya juya sau 30 zuwa 50 na girman tankin a awa, abin da murjani mai rassa irin Acropora ke so. Datti kuma yana taruwa a kusurwa, a bayyane. Sai dai yakan daɗe kafin ya daidaita, tunda bakteriyar da ke tace ruwan ba ta da mazauni sai duwatsu, kuma kifin Halichoeres da ke kwana cikin yashi ba zai ji daɗinsa ba.

A ganina, inda ake yawan ɗauke wuta, yashi mai kauri bai dace ba sam. Da famfo ya tsaya, halittun cikin yashin suna ci gaba da shan oksijin tare da kifin, ga shi ruwa mai zafi bai riƙe iska da yawa. Duk wanda zai fara, ya tanadi famfon iska mai batir da inbata, ya riƙe zafin ruwa a digiri 25 zuwa 26 na ma'aunin Celsius, gishiri giram 35 a kowace lita, sannan ya zaɓi kifinsa kafin ya sayi yashi.

Naku,
Mai karatu daga Kano