A duba halin masu tsinkar ganyen shayi a Kenya

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan ma'aikatan gonakin shayi na Kericho a ƙasar Kenya, don mu nan mun iya shan Lipton safe da yamma amma ba kowa ya san wahalar da ke bayansa ba.

Yawancin masu tsinkar ganyen nan mata ne, tun asuba suna cikin gona da kwando goye a baya, ga sanyi ga raɓa, suna tsinko ganye biyu da toho, kuma kuɗinsu kan kilo ne, in aka ɗora a sikeli bai yi nauyi ba to ranar an tashi a tutar babu. Farashin kuwa ba su da ta cewa a kai, a kasuwar gwanjo ta Mombasa manyan dillalai ke yanke shi, riba ta wuce Turai. Filayen ma tun zamanin mulkin Ingila aka kori 'yan ƙabilar Kipsigis da Talai daga cikinsu.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne binciken BBC na 2023, inda mata sama da 70 suka ce masu kula da su a gonakin da suka daɗe a hannun kamfanonin Unilever da James Finlay sun nemi lalata da su kafin a ba su aiki ko a rage musu aiki mai nauyi. Wallahi mace mai 'ya'ya a gida wadda ba ta da wata hanya, ya za ta yi? Sai ga injinan tsinka kuma, ance guda ɗaya na yin aikin mutum kusan ɗari, ƙungiyar ƙwadago ta KPAWU ta je kotu ba ta yi nasara ba, har a watan Mayun 2023 mutanen Kericho suka fusata suka cinna wa wasu injinan wuta. Ban goyi bayan ƙone dukiya ba, amma yunwa ce ta kai su.

Su kuwa masu kamfanin sai sayar da gonakin suke daga hannu zuwa hannu. Unilever ya sayar da harkar shayinsa wa kamfanin zuba jari na CVC kan Yuro biliyan 4.5, daga baya gonakin Kenya suka koma hannun kamfanin Browns na Sri Lanka, ma'aikaci kawai zai ji an ce ya yi sabon ubangida a wata ƙasa da bai taɓa gani ba, ina zai kai kukansa?

Mu ma muna da gonar shayi a Kakara, kan tsaunin Mambila a jihar Taraba. Ina roƙon jaridarku ta tura wakili can ya zauna da masu tsinka ya tambaye su nawa ake biyansu kan kilo, suna da ƙungiya, kuma ana biya kan lokaci.

Naku,
Mai karatu daga Jalingo