A Ƙirga Ɗaliban Lise Kafin A Tsara Jami'a

Assalamu alaikum, ya mai girma Edita. Ina roƙon ɗan fili domin in yi tsokaci kan yadda ake tsara jami'o'inmu na Nijar.

A da, duk ɗan Damagaram da ya ci jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare, sai ya niƙi hanya kusan kilomita 900 zuwa Yamai, saboda Jami'ar Abdou Moumouni ce kaɗai ta gwamnati. A 2010 aka kafa na Damagaram da Maraɗi da Tawa, sannan a 2014 aka ƙara huɗu a Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Mun yaba, amma buɗe jami'a daban, tanadin abin da za ta ci gaba da shi daban.

Babban ciwon da jami'o'in ƙasar suka daɗe suna fama da shi shi ne shekarar karatu ta hau kan wata shekarar. Tsarin LMD (lisans, masta, dakta) ya yanka wa lisans, wato digirin farko, shekara uku, zango shida, to amma idan yajin aiki ko jinkirin kuɗin burs (tallafin ɗalibai) ya cinye watanni, sai sababbin ɗalibai su iso alhali na gabansu ba su kammala ba, a haɗu ana rububin zaure ɗaya da malami ɗaya. Malamin da ke gyaran takardun rukuni biyu ba shi da sukunin bincike, kuma da bincike ake auna darajar jami'a. Ga shi kasafin kuɗin ƙasa yana farawa a Janairu, karatu kuwa a Oktoba, sai watannin karɓar sababbi su faɗo a ƙarshen kasafi.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, yawan masu zuwa ba gaibu ba ne. Yaron da ya shiga ajin farko na lise (babbar sakandare) bana, bayan shekara uku zai zauna bak, kuma ko malami mai digirin dakta ba ya samuwa ƙasa da hakan. Don haka ina kira ga ma'aikatar ilimi mai zurfi da shugabannin Jami'ar André Salifou ta Damagaram su tattara alƙaluman lise daga Magarya da Matamai har Gure da Tanut, su fitar da tsarin shekara biyar na zaurukan karatu da ɗaukar malamai da ɗakunan kwana, su kuma bayyana shi ga jama'a. A sa batun ruwa a ciki tun farko, domin duk mazaunin wannan gari ya san yadda famfo yake a watan Afrilu.

Wassalam.
Wani tsohon malamin makaranta, unguwar Birni, Damagaram.